Farantin Rufin Ɗakin Inna

A Marsey na fara gane cewa Faransancin da na shekara huɗu ina koya wa 'ya'yan mutane a Kalgo ba shi ne ake yi a Faransa ba. Na tambayi wata mata hanya da jimlar da na fi taƙama da ita a aji, ta dube ni, ta dubi takalmina, ta amsa da wani abu mai kama da kurkurar baki, ta yi gaba. Na tsaya bakin tashar jirgin ƙasa, akwatina na kwano a hannu ɗaya, ɗaya hannun na dafe ƙirji, don a nan ƙarƙashin riga na ɗaure farantin Inna cikin tsohon zanenta. Shekarar tamanin da shida ce, sanyinsu ya fara kunno kai.

Farantin na tangaran ne, zanen hannu. Kakana na wajen uwa bafatake ne, shi ya samo shi a Doso ta ƙasar Nijar wurin kukun wani kwamandan Faransa, ya ba da rago a madadinsa. Da za a kai Inna ɗakinta a Gwandu ya sa shi cikin kayanta, magini ya dasa shi a tsakiyar rufi, daidai inda bakunan ɗaurin guga masu riƙe da rufin suka haɗu. Mu bakwai Inna ta haifa, biyar suka koma tun suna ƙanana, muka rage ni da ƙanwata Kulu da ke aure a Kalgo. Wata dillaliya ce ta tsegunta labarin farantin ga Salifu, mutumin Doso mai yawon sayen tsoffin takubba da tasoshi. Ya same ni har makaranta, ya ce akwai wani Bature a Marsey mai tara irin waɗannan, ba saya zai yi ba, baje shi kawai zai yi shekara biyu mutane su gani, Baturen kuma ya ɗauki nauyin karatuna a can. Ina malami guda na yarda da wannan magana. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Ban iya tambayar Inna da bakina ba, don ni ne ɗan fari. A ɗakin kakata na tashi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata, in na shigo gaishe ta bango take amsa wa. Na san al'ada ce, amma sanin al'ada daban, abin da zuciyar yaro ke ji daban. Na girma ina ganin ba ta damu da ni can ba. Saboda haka Kulu na aika. Bayan kwana uku ta kawo mini amsa.

"Ta ce in ce ma malamin Kalgo, aro na, ba kyauta ba."

Ranar da na hau tsani da wuƙa na ɓamɓare shi, maƙwabta Inna ta wuni.

Salifu, da ya riga ni isa Marsey, ya tarbe ni da fara'a, ya sauke ni a wani ɗaki a hawa na biyar, mu shida a ciki, yawanci Larabawan Aljeriya. Kwana uku yana kawo mini burodi yana ta Malam kaza, Malam kaza. Rana ta huɗu da hantsi ya kai ni wata unguwa mai tsabta, ya zaunar da ni a shagon shayi, ya nuna mini wata koriyar ƙofa a tsallaken titi.

"Baturen ga ba shi son taro," in ji shi. "Kawo in shiga in gwada mai, in ya yarda sai in kira ka. Kada ka motsa daga nan."

Da hannuna na kwance zanen na miƙa masa. Ban kuwa motsa ba. Azahar ta yi, la'asar ta yi, ina kallon ƙofa. Mai shagon, wata mace mai jiki, ta gaji da ganina ta zo ta tambaye ni wa nake jira. Da na faɗa mata sai ta goge hannunta, ta ce in biyo ta. Muka tsallaka, ta tura ƙofar. Ashe ba gida ba ne, lungu ne mai rufi da ya ɓulle wani titin ta baya. Ta mayar da ni kujerata, ta kawo mini madara mai zafi, ta ƙi karɓar ko sisi. Na zauna ina ninke zanen Inna ina warwarewa, shi kaɗai ya rage a hannuna.

Ban je wurin 'yan sanda ba. Takardar zamana ta wata uku ce, kuma ban san ko Salifu ma sunansa ne na gaskiya ba. Dattijon ɗakinmu, Hamidu, ya saurare ni har na gama, ya tura mini kwanon miyarsa.

"Ci, ɗana. A garin nan babu baƙon da ba a taɓa kai shi ƙofa mai baki biyu ba."

Shi ya samo mini dako a kasuwar kayan marmari. A can na yi sanyina na farko. Hannuwana suka tsattsage, kunnuwana suka daina zama nawa. Babu abin da ya fi damuna irin kewar fura da nonon da matan Maruda ke kawowa Gwandu ranar kasuwa. Na taɓa dama burodi cikin kindirmon kanti don in yaudari bakina, bakin bai yaudaru ba. Komawa gida kuwa ban ko kawo ta a rai ba. Da wane ido zan shiga ɗakin Inna in ga ramin da na bari a rufi?

Sai na tuna bayan farantin. Lokacin da na kankare ƙasar da ta manne masa na ga rubutu kore, Limoj, da wata 'yar alama ja a gefensa. Na yi lissafi irin na mutumin Gwandu. A garinmu in ka tsinci fartanya ka kai wa maƙera, za su juya ta sau ɗaya su ce ƙirar wane ce, wane kuma ya saya. Na ɗauka Limoj gidan wani mai sana'a ne, iyaka unguwa guda, duk wanda ya sayi farantin can zai kai a tabbatar masa, ni kuma ya tarar da ni a bakin ƙofa. Hamidu bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya haɗa ni da wani direban babbar mota mai kai lemo arewa, ya cusa mini safar hannu a aljihu.

Ana yayyafi muka shiga Limoj. Na sauka na bi titin farko, shago na farko faranti ne tun daga ƙasa har sama. Na biyu haka, na uku haka. Na sha kwana, ga wasu. Kofuna, butoci, kwanukan miya masu marfi, ko'ina tangaran, kuma duk wanda na juya sai in ga kalmar nan kore a bayansa. Ashe gari ne sukutum, ya haura shekara ɗari biyu yana wannan aiki yana watsa wa duniya. Na samu wani dakali na zauna cikin ruwan, na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ranar da Salifu ya ɓace.

Mako biyu ina bin ƙofofi, ina tambayar aiki da faranti a lokaci guda, ana sallamata. Ƙofar Madam Odet ce ta ƙarshe a wani gangare kusa da kogi. Tsohuwa ce 'yar guntuwa, ta haura saba'in, tabarau a rataye a wuya, tana zanen tangaran tana kuma saye da sayar da tsoffi. Na same ta tana kokawa da wani akwatin katako, na ɗauke mata ba tare da ta ce ba. Shi ya sa ta saurare ni.

"Kwatanta mini shi," ta ce.

"Fari ne, da furanni."

"Furanni nawa? Wane iri? Wane launi?"

Can na ce, "Akwai ruwan zinari a bakinsa."

"Ka kwatanta rabin garin nan. Jar alamar fa, me aka rubuta?"

"Ban riƙe ba."

"Shekara nawa yana gidanku?"

"Tun kafin a haife ni."

Ta ɗora tabaranta ta dube ni da kyau. "Ba ka taɓa kallonsa ba ke nan."

Gaskiya ta faɗa. Ɗan fari ba ya zama ɗakin uwarsa balle ya kwanta yana kallon rufi. Da ya zo hannuna kuma bayansa na riƙa dubawa, inda Salifu ya ce darajar take.

Ta ba ni aiki da ɗan ɗaki a saman rumbun kayanta. Ina shara, ina jera kaya a tanderu, ina naɗe faranti cikin busasshiyar ciyawa in za a aika nesa. Masifaffiya ce ta gaske. Ba ta iya cewa Haliru ba, Aliru take kirana, kuma yawanci da tsawa. Amma ita ce ta lura ba na cin naman kantinsu, ta riƙa dafa mini kifi ranar Juma'a, a bakinta kuma wai yawa ya yi mata. Ita ce kuma ta yi ta sintiri ofisoshi har na samu takardar zama.

A bakinta na ji tarihin masu wannan sana'a, tana aiki tana magana ba tare da ta ɗago ba. Ta ce sarakunan Turai sun daɗe suna neman sirrin tangaran ɗin Sin, sai ga matar wani likita a wani ƙauye kudu da garin ta tsinci farar ƙasa mai laushi tana wanki da ita, ashe ita ce ake nema. Daga nan aka kafa tanderu bakin kogi, ana turo itace ta ruwa, maza na kwana suna wuni suna ciyar da wuta. Ƙurar farar ƙasar kuma tana cin huhu. Mahaifinta da tari ya tafi. Ta nuna mini ma'anar alamun nan biyu: kore ta masana'antar da ta ƙera farin faranti ce, ja ta gidan da aka yi zanen. Wadda ta riƙe burushin kuwa ba kasafai ake sa sunanta ba. Mata ne da yawa, a jere kan benci tun safe, sunan maigida a bayan aikinsu.

Aikin waɗannan matan take tarawa. Tana da wani kabad da ba ta sayar da ko ɗaya daga cikinsa, kuma ta san su da hannu kamar yadda malamin allo ke sanin rubutun ɗalibansa.

"Dubi ganyen nan, Aliru, bahaguwa ce ta yi shi. Wannan kuma ta gaji, wajen yamma ta zana shi, ka ga ta fara ha'inci a ƙaya." Ta ɗauko wani kofi mai tsaga. "Wannan uwata ce. Ganyenta kullum da ɗan ƙugiya a ƙarshe. Shekara talatin ina bin kasuwanni ina tsinto ta."

Na koyi abubuwa da dama a ɗakin nan mai ƙamshin man kanumfari. Na koyi cewa zinari kafin ya shiga wuta launin taɓo ne, sai ya fito an goge shi da dutse mai santsi yake haske. Na koyi jin tsaga da kunne, ka ƙyasta bakin faranti da farce ka saurara. Abin da ban koya ba shi ne haƙura.

Kowace Lahadi mukan shiga tsohuwar motarta mu bi kasuwannin gwanjo na ƙauyuka. Ita tana neman uwarta, ni ina neman abin da ban san kamanninsa ba, allura cikin ruwa. Duk farantin da ya ɗan motsa mini zuciya sai in saya, in dai mai tsaga ne mai araha, in kai ɗaki in jingine shi in yi ta kallo ko zan tuna. Da haka na zama mai tara tangaran ba da niyya ba. Suna nan har yau a kabad ɗina a Gwandu, jikokina na ce musu kwanukan da ba a cin tuwo. Sau ɗaya a Faris na hango wani faranti ta gilashin wani shagon masu hali, raina ya ba ni shi ne. Na danna ƙararrawa, mai shagon ya dubi fatata da rigar aikina, ya girgiza kai bai buɗe ba. Madam Odet ta zo ta zazzage masa, ya buɗe, ta miƙo mini farantin. Na juya shi, na sake juyawa. Ko da shi ne, ba zan iya rantsuwa ba. Na ajiye muka fito.

Duk 'yan watanni kaset kan iso daga gida ta hannun matafiya. Kulu ce ke magana, wane ya yi aure, wane ya rasu, gero ya yi kyau bana, an raba mu da Sakkwato an ba mu jiharmu. Inna ba ta taɓa sa baki ba, sai dai in ji tarinta a gefe, Kulu ta ce, "Inna ta ce a ce ma mutanen Faransa su riƙa rufe ƙirji." Ni kuma in aika nawa: karatu na tafiya, faranti yana nan lafiya, Bature ya nemi ƙarin lokaci. Shekara biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama shida. Ba wanda ya taɓa tambayata yaushe karatun zai ƙare, wannan shirun ya fi tambaya ciwo.

A shekara ta bakwai hannun Madam Odet ya fara rawa. Wata rana ta ajiye burushi ta ce, "Ba za ka same shi ba, ka sani na sani. In kana so in zana maka irinsa, bana ne, baɗi ban da hannu. Tambayi uwarka kamanninsa."

Na yi dabara irin ta maƙaryaci. Na ce a kaset Bature zai rubuta tarihin farantin, yana son mai shi ta kwatanta shi da bakinta. Bayan wata biyu amsa ta zo. Da rana tsaka na sa ta a rakoda kan teburin aiki, Madam Odet na gefe da fensir, ni zan fassara.

"Yaya, ga Inna," in ji Kulu. "Ta ce ba da kai taka magana ba, da akwatin ga taka yi."

Wani zakara ya yi cara daga nesa. Sai ga muryar da na shekara bakwai ban ji ba.

"To. Hure tara na, sun yi kewaye. A hwara daga wajen ƙohwa. Akwai ja babba da ya buɗe sarai, wannan Kulu ta. Kusa da ita shuɗɗa biyu, kansu haɗe, Hasana da Usaina, kwana arba'in sunka yi. Sai rawaya ƙarami mai ganye ukku, Sambo na, wanda ƙyanda ta ɗauka yana koyon tahiya. Sai hwari mai ɗigon ja a tsaka, A'i ta. Sai wani da bai buɗe ba, ko suna ba a kai ga yi mai ba. Biyu na nan ba su samu masu su ba, Allah bai kawo ba."

Ina fassarawa Madam Odet na rubutawa. Ban taɓa sanin haka take kallon farantin ba. Na ƙirga a raina, takwas.

"Sai na gehe," ta ce, muryar ta yi ƙasa. "Shi ɗai ya hita daga kewayen, ya ba sauran baya kamar mai shirin tahiya. Ja na, amma ba ƙwarai ba, irin jan goro. Karanshi dogo, siriri, da ƙaya biyu. Shi nika hwara gani in na buɗe ido da sahe, tun da ba a kallon mai shi." Ta yi tari. "In kuwa hwarantin ya ɓace, ba shi na hwarkon abin da ya ɓace min ba. A ce ma mai huren ya taho gida hakanan. Kulu, kashe abin ga."

Na kasa fassara wannan. Na fita bakin kogi na tsaya. Shekara talatin da wani abu ina zaton matar nan ba ta kallona, ashe kullum da ni take buɗe ido, ni kuma na hau tsani na ɓamɓare wurin da take ganina na kai wa ɗan damfara. Da na dawo na faɗa wa Madam Odet duka. Ta cire tabaranta ta daɗe tana gogewa.

"Ka tafi gobe," ta ce. "Uwarka ba faranti ta ce a kawo ba."

"Aro aka ba ni, Madam. Ba a mayar da aro da baki."

"Kai jaki ne, Aliru."

Ban musa ba, ban kuma tafi ba. Na ce wata biyu ne kawai. Amma zanen tangaran ba ya son gaggawa, launi bayan launi ake sawa, kowanne da shigarsa wuta. Na farko ya tsage a tanderu. Na biyu jan goron ya fito kamar jini, na ce ba haka Inna ta ce ba. Muna cikin na uku sanyi ya kwantar da tsohuwar a asibiti wata uku, ba ta da kowa sai ni, ba zan iya barinta ba. Da ta fito sai ta riƙa tallafe hannun dama da na hagu, fure ɗaya ya ci mata mako. Na gefen ta bari ƙarshe, ta sa na yi ta mayar da kaset baya har ya fara shaƙewa. Da ta gama ta juya farantin, ta rubuta sunanta da ja, karo na farko a rayuwarta, ta ƙara Inna a gefensa, ta ce ai ita ta tsara shi. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan da zuwan kaset ɗin.

Ta raka ni tasha, ta gyara mini wuyan riga tana faɗa wai ban iya sa kaya ba. Ban sake ganinta ba. Wasiƙata ta biyu dawowa ta yi ba a buɗe ba.

Jirgi ya sauke ni Yamai, na bi mota ta Gaya da Kamba, na sauka Kalgo da la'asar. Makarantar da na koyar tana nan, an yi mata sabon fenti. Kulu tana tankaɗe a tsakar gida na yi sallama. Ta dube ni, ta ajiye rariyar, ta rufe fuska da gyale ta yi kukanta. Sai da na sha ruwa na ci abinci na ɗauko farantin na kwance mata. Ta daɗe tana kallo.

"Shi na, Yaya. Kamar shi." Ta mayar da zanen ta rufe shi. "Sai dai Inna ba ta gani."

Na ce tun yaushe.

"Yanar ido ta daɗe tana rufe mata gani, ta hana a hwaɗa maka. Sa'ad da munka yi kaset ɗin nan tana gane mutum in ya matso. Bayan babbar Salla ya ida rufewa." Sannan ta faɗi abin da na san za ta faɗa. "Da ka taho sa'ad da tac ce, da ta gan ka."

Washegari da safe muka shiga bas zuwa Gwandu, farantin a cinyata. Ɗakin Inna yana nan yadda na san shi. Na ɗaga kai tun daga ƙofa, ramin yana nan a tsakiyar rufi, har da sawun wuƙata a gefensa. Kulu ta ce mini a hankali magina sun yi yaɓe sau uku, ta hana a taɓa wurin. Inna na zaune kan tabarma ta jingina da gado, ta ƙanƙance, idanunta sun yi fari. Na durƙusa bakin ƙofa na gaishe ta.

"Kulu, an zo lahiya?" ta ce.

"Lahiya lau, Inna. Ga aronki an maido."

Kulu ta ɗora mata shi a cinya. Ta shafa bakinsa ta kewaye, ta shafa bayansa, ta ƙyasta shi da farce ta saurara.

"Wanga sabo na."

Na ce, "Sabo ne, Inna. Naki an sace shi tun kwana huɗu da saukata. Ƙarya na yi ta yi muku. Wata tsohuwa ce ta zana wannan, bakinki ta bi."

"Allah shi biya ta," ta ce wa bango. Ta sake shafa tsakiyar farantin, yatsunta na yawo ba su san inda za su tsaya ba, don zanen ba shi da tudu. "Kulu, aza min yatsa bisa na gehe."

Kulu ta dubi farantin, ta dube ni. Sai ta miƙe ta ce bari ta ɗebo wa baƙo ruwa, ta fice, alhali ga randa nan cikin ɗakin.

Na ja gwiwa na matsa. Tun da aka yaye ni ban taɓa riƙe hannun Inna ba. Na kama yatsarta, ba nauyi ko kaɗan, na ɗora kan furen, na bi da ita dogon karan har ƙayoyin biyu. Ta san ba hannun Kulu ba ne. Ba ta janye ba. Ta ɗan jima a kan furen, sannan ta bar shi, ta juya tafinta ta riƙe wuyan hannuna, tana taɓa kantar da dako da tanderu suka bar mini. Ta juya fuska wajen ƙofa inda ba kowa.

"Kulu, hannun ga ya sha wahala."

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ba ta amsa ba, ba ta kuma sake ni ba, har Kulu ta dawo da ruwan.